Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Tabarmar Gidan Anti Babba

Makon jiya na tsaya a inda sakamako ya fito babu sunana. Daga nan zan ɗora, ko da yake nan ne wurin da zuciyata ta fi ƙin komawa.

Wata goma sha biyu cur na bar yara a hannun Inna, na tafi karatun jinyar marasa lafiya masu tsanani, wanda mu a asibiti muke ce wa ICU kawai. Auta tana da wata goma sha ɗaya na yaye ta saboda wannan tafiya. Mu uku muka je daga Zamfara, ɗaya ta haye jarrabawar Hukumar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozoma, ni da 'Yar Ƙaura muka dawo hannu rabbana. Ni kam tun a ɗakin gwajin aiki na san na faɗi. Tasha-tasha ake yi, ana kaɗa ƙararrawa ka matsa gaba. A wata tasha aka miƙo mini takardar gwajin iskar jini: pH, wato ma'aunin tsamin jini, 7.28, iskar kabon 60, bikabonet 25. Lambobin nan na haddace iyakokinsu kamar karatun allo, amma da na dube su sai kaina ya ɗauke. Ina tsaye har aka kaɗa.

Ranar da na koma aiki a Gusau, metiron ɗinmu ta lokacin, wato shugabar ma'aikatan jinya, wadda ba zan kama sunanta ba, ta dube ni a gaban ɗalibai 'yan koyo ta ce, "Ai dama na gaya miki. Mai goyo ba ta karatun ICU. Ki koma ɗakin haihuwa inda kika fi wayo." Na ce, "To, ranki ya daɗe." Abin da na iya faɗa ke nan. Na shiga bayi na yi kukana, na wanke fuska, na tafi ɗakin haihuwa. Shekara nawa ke nan yanzu, amma in na rufe ido ina ganin yadda ta riƙe biro tana nuna ni da shi. Mai goyo. Kamar goyon wata cuta ce da ke cinye ƙwaƙwalwa.

Inna ba ta lallashe ni ba. Da na gama ba ta labari tana tankaɗe, sai ta ce, "Ke ɗiyar ga, ba a hwahe gora ranar tahiya. Yaushe za a sake?" Na ce ƙarshen shekara. Ta ce, "To mi kike jira?" Wannan magana ta gora tun muna yara take yi mana ita, ko hatsi za a kai niƙa, ko kayan Sallah za a kai ɗinki. Ranar ce dai ta fara yi mini zafi, don ni a ganina na fafe gorata, shekara guda ina fafewa.

Muna da zaure a WhatsApp na 'yan ajinmu, akwai na Jos, na Ilorin, na Inugu. Waɗanda suka ci ba su watsar da mu ba, Allah ya saka musu. Kullum bayan isha'i wani zai jefo tambayoyi goma, mu amsa, da safe a gyara mana. Haka muka yi Yuli da Agusta. Ina amsawa daidai, amma can cikin raina na san hadda ce nake ƙara wa hadda.

Sai ga ranar 3 ga Satumba, 2021. Duk ɗan Zamfara ya san ta. Aka datse layukan waya a jihar baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka ce mako biyu ne, abu ya zarce. Kafin nan gwamnatin Matawalle ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da fetur a jarka, ga dokar hana fita da dare. Mutum in yana son ya gaya wa ɗan'uwansa an yi haihuwa ko rasuwa sai ya shiga mota, wasu har Zariya suke kaiwa don kiran minti biyar. Zauren karatunmu ya mutu a hannunmu. A asibiti in kana neman likita da dare sai dai a tura masinja gidansa.

Kwana huɗu da rufewar, 'Yar Ƙaura ta zo gidanmu da ƙafa daga Samaru, ta ce, "Maman Ummi, tashi mu je wurin Anti Babba." Anti Babba ta yi wannan karatu tun muna makarantar jinya, ta yi shekaru a ICU a wata jiha kafin ta dawo gida. Muka same ta a Tudun Wada tana gyaran zogale. Ba ta tambaye mu yadda aka yi muka faɗi ba. Ta ce, "Ƙannena, Litinin, Laraba da Asabar, bayan la'asar. Kowa ta zo da littafin rubutu. Ku tashi kafin magariba saboda doka." Daga baya Na Tsafe ya shigo cikinmu, nas ne mai sa barci a tiyata, shi ma yana da tasa jarrabawar a gaba. Maigidan Anti ya ba mu zaure, aka shimfiɗa tabarma, Na Tsafe yana bakin ƙofa, mu muna ciki. Baban Ummi da kansa yake kai ni a mashin, ya dawo ya ɗauke ni. Wannan ba zan manta masa ba, ko da yake a kashi na 9 na faɗi abin da na faɗa a kansa.

Zaman farko Anti ta ce in gaya mata abin da ya kayar da ni. Na karanto mata lambobin uku. Ta ce, "Faɗa mini iyakoki." Na zubo: pH daga 7.35 zuwa 7.45, iskar kabon 35 zuwa 45, bikabonet 22 zuwa 26. Ta ce, "Kin iya. To wa ya ɓata miyar?" Na yi shiru. Ta ce in ɗauka huhu da ƙoda kishiyoyi ne a gida ɗaya, tukunya ɗaya suke yi wa maigida, tukunyar ita ce jini. Huhu aikinta fitar da iskar kabon, in ta yi sanyin jiki iskar ta taru, miya ta yi tsami. Ƙoda ita ke riƙe da kanwa, wato bikabonet, mai kashe tsami. Huhu amarya ce mai rawar kai, cikin mintoci take gyara ɓarnar uwargida. Ƙoda uwargida ce, sai ta yi sa'o'i, har kwana biyu ko uku, kafin ta gama gyara ta amarya. Ta ce, "Yanzu dubi takardarki." Na duba. Miya ta yi tsami, kabon ya hau, kanwa tana nan inda take. Huhu ce ta yi ɓarna, kuma yanzun nan ta yi ta, tunda uwargida ba ta ko motsa ba. Mara lafiyan nan numfashi yake nema a taimaka masa. Wallahi sai da hawaye ya zubo mini a kan littafin. Abin da na kasa a shekara guda ya zauna a kaina kafin a kira magariba.

Tsarin Anti shi ne kowa ya koyar da abin da hannunsa ya fi sabawa da shi. Na Tsafe ya ɗauki hanyar numfashi da farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya. Buhun gero rabi ya sa aka kawo, muna durƙusawa muna dannawa: danna talatin, hura biyu, sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita biyar zuwa shida, allurar adirenalin miligiram ɗaya duk minti uku zuwa biyar. Yana riƙe da agogo, in hannunka ya lanƙwashe a gwiwa ya ce a sake. Shi ya hana ni ɗabi'ar daɗewa in ina zuƙe majina daga bututun maƙogwaro. Ya ce kar ya wuce daƙiƙa goma sha biyar, "Sista, ki riƙe naki numfashin lokacin da kika fara, in kin ji kin matsu, shi ya fi ki matsuwa."

'Yar Ƙaura lissafi ne nata. Ita ta sa lissafin ruwan wanda ya ƙone ya zauna mini: mililita 4, sau nauyinsa, sau kason jikin da ya ƙone. Mai kilo 60 da ya ƙone kashi 30 za a ƙara masa ruwa mililita 7,200 a awa 24, rabi a awa takwas na farko. Tarkon yana wurin awa takwas ɗin, don daga lokacin da wuta ta kama shi ake ƙirgawa, ba daga lokacin da ya iso ba. Ta ce mu tuna mutumin da za a ɗauko daga Ɗansadau a irin wannan hanya, kafin ya iso Gusau awa nawa ta tafi? A satin nan kuwa aka kawo mana wani magidanci da fetur ɗin da ya ɓoye a ɗaki ya tashi da shi, na tsaya na yi lissafin a bayan katinsa, likita ya duba ya gyaɗa kai.

Da aka zo kaina na ce ni ba ni da abin koyarwa, ɗakin haihuwa aka mayar da ni. Anti ta ce, "To jijjigar masu ciki fa? Wa ya kai ki ganinta?" Nan na tashi tsaye. Maganin magniziyam: giram 4 ta jijiya a hankali, giram 5 a kowane ɗuwawu, sannan giram 5 duk awa huɗu har a cika awa 24 bayan haihuwa ko bayan jijjigar ƙarshe. Kafin kowace allura ka buga gwiwa ka ga ƙafa ta harba, ka ƙirga numfashi, ka duba robar fitsari ko ana samun mililita 30 a awa. In magani ya yi yawa, kalsiyam gulukonet yana kusa. Ina cikin bayani muryata ta sarƙe, don Yaya ce ta faɗo mini. Ku da kuka bi labarin nan tun farko kun san jijjiga ce ta tafi da ita a cikinta na fari, a ƙauyenmu na ƙasar Anka, aka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi har gari ya waye. Ina aji biyu na sakandare. Da akwai mai wannan allura a kusa, Allah ne masani, amma ni dai saboda ita na sa farin kaya. Kuma ɗakin da aka tura ni don a wulaƙanta ni, shi ya ba ni abin da na tsaya a gaban mai sa barci da tsohuwar ma'aikaciyar ICU ina koya musu suna rubutawa. Mai goyo ce ta koya musu.

Ma'aunin suma na Gilasgo kuwa a jikin Inna na gama iya shi. Tun sanƙarau na 2017, lokacin da muke kwantar da mutane har a baranda, nake rubuta shi a kati: ido maki 4, magana 5, motsi 6, duka 15, mafi ƙasa 3, in ya sauka 8 a fara tunanin sa bututun numfashi. Amma a gwaji so ake ka yi shi da baki da hannu a gaban mai dubawa, kana faɗin abin da kake yi. Da dare in yara sun yi barci sai Inna ta miƙe a tabarma ta rufe ido. In ce, "Inna, buɗe idonki." Ta yi shiru. In danna mata farce. Wani dare ta janye hannu, wani dare ta kawo ɗayan hannun ta ture ni, wani dare ta yi ta sambatu da sunayen mutanen da suka daɗe da rasuwa, ni kuma in ba da maki. Ta riƙa canzawa don kar in saba. In na yi jinkiri ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Gora, ɗiyar ga, gora." Allah ya jiƙan Inna. Bara da na karɓi wani yaro da mashin ya kayar, ina danna farcensa, hannunta na gani.

Wata da muka yi makarantar jinya tare, tana Amurka yanzu, ta taɓa gaya mini cewa tasu jarrabawar, CCRN, tambaya 150 ce a awa uku, kuma ba a barinka ka zauna sai ka yi awa 1,750 a gefen gadon masu tsanani cikin shekara biyu, ko awa 2,000 cikin shekara biyar. Na ce mata mu namu awoyin ba mai ƙirga su. Wanda ya kwana yana matsa jakar numfashi da hannu don wuta ta ɗauke kuma janareto ya ƙi tashi, shi ma ya yi karatu, ko ba a rubuta masa ba.

Da layin waya ya dawo Gusau, saƙonni suka yi ta shigowa kamar ruwan Agusta, 'yan ajinmu har sun ɗauka wani abu ya same mu. Na zauna na amsa tambayoyin da suka taru a dare biyu. Na Ilorin ya rubuto, "Wa ya koya miki gas ɗin jini haka?" Sai ga ni ina yi wa mutanen Inugu bayanin amarya da uwargida da Turanci. Amma ba mu bar tabarmar Anti ba, muka ci gaba har satin tafiya.

Takardar izinin tafiya sai da ta kwana tara a teburin metiron. Ranar da ta sa hannu ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce, "In kin sake faɗuwa kar ki zo mini da kuka." Ban ce komai ba. Na riga na yafe mata kwanakin tara, ɗayar maganar ce har yau nake roƙon Allah ya cire mini.

Daren tafiya Anti Babba ta aiko jikanta da tsohon littafinta na ICU, bangonsa ya yage, an ɗaure shi da zare, ta ce in dawo mata da shi da hannuna. Inna ta dama fura ta cika mini gora ta roba, ta sa a jakata ba ta ce uffan ba. Da asuba Baban Ummi ya kai ni tasha, 'Yar Ƙaura ta riga ni, ta kama mana kujerar tsakiya. Direba ya ce sai rana ta ɗaga za mu tashi, don ba mai bin hanyar Funtuwa da duhu. Muka wuce Kwatarkwashi kowa na addu'a a ciki. Muna shiga Tsafe 'Yar Ƙaura ta taɓo ni ta ce, "Maman Ummi, hawan jini 90 bisa 60, nawa ne matsakaicinsa?" Na ce 70. Ta ce, "Ya isa ƙoda?" Na ce ya isa, tunda ya haura 65. Wani dattijo a gabanmu ya waiwayo ya ce, "Likitoci ne?" Ta ce, "Nas ne, Baba. Ka sa mu a addu'a."

Abin da ya faru a ɗakin gwaji, da tashar da na sake cin karo da takardar iskar jini, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.