Gwanjo ba surutu kaɗai ba ne

Shekara 11 ke nan ina harkar gwanjo, ni da yarana 4. Idan kamfani zai tashi ko ofis zai canza kaya mu ake kira, kujeru, tebura, esi, janareto, wani lokaci har tsofaffin motoci. Mu jera, mu manna lamba jikin kowanne, ranar gwanjo a taru a taya, la'adarmu a ciki take.

Wani yarona ne ya kunna min wani tsohon fim ɗin Amurka a waya, I Sell Anything, na 1934, baƙi da fari, lokacin finafinai ba su daɗe da fara magana ba tunda sai 1927 aka fara jin murya a fim. Jarumi Pat O'Brien ne ya fito a matsayin ɗan gwanjon, a birnin New York. Wallahi bakin mutumin nan kamar injin niƙa, ba ya tsayawa, kuma na gane dalilin da ya sa sai da sauti ya zo irin wannan labari ya yi armashi, don ɗan gwanjo in ka cire masa murya me ya rage?

Amma abin da ya tsaya min a rai daban ne. Yana da yaransa da yake dasawa cikin mutane suna ɗaga kuɗi na ƙarya don a ruɗi mai saye, wannan kam mu ma akwai masu yi kuma ni na hana a wajena, Manzon Allah (SAW) ya hana taya kayan da ba ka da niyyar saye. Sannan duk wayonsa wata mata ta saye wani tsohon kaya a hannunsa da arha ashe abu ne mai tsadar gaske bai sani ba.

Nan ne jikina ya yi sanyi, don ya taɓa faruwa da ni. Wani tsohon injin Lister ne duk ya yi tsatsa, na sa shi cikin kayan 'yan jari bola, wani dattijo ya zo ya tsuguna ya shafa shi ya juya hannun sau biyu, bai ce komai ba ya taya, na ce na sallama. Bayan wata 2 na same shi a Dawanau yana niƙa masara da shi. Mai injin kuwa amana ya ba ni, haƙƙinsa na tauye, sai da na je na faɗa masa na yafe la'adata.

Tun daga ranar duk injin da zai shiga gwanjona sai bakanike ya buɗe shi tukuna, ko da kuwa ranar gwanjon za ta ɗaga.