Inda na kai a aikin bak aksil: buɗaɗɗen difarenshal da LSD

Salam ƴan uwa masu koyo, an kwana biyu ban kawo muku labarin aksil ɗin Hilux ɗin nan da na sayo a kasuwar kayan beljiyam ba. To alhamdulillah na kai ga zare ƙwaryar difarenshal ɗin, wato haɗin giyan da ke tsakiyar aksil mai raba ƙarfin inji wa tayoyin baya biyu, na wanke ta tas da kananzir, yanzu haka tana kan benci kusa da wata tsohuwa buɗaɗɗiya da oga ya ba ni aro don in gwada su ido da ido.

Buɗaɗɗen ba shi da wani tarkace, babban giya mai zagaye, finiyon (ƙaramin giya) da farfela, wato doguwar sandar da ke kawo juyi daga giyabos, ke juyawa, giya biyu na gefe da sandunan taya ke shiga cikinsu, sai ƙananan giya a tsakiya kan fil guda. Na ƙirga haƙora, babban 41 finiyon 10, wato farfela ta juya sau 4.1 kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Amfanin ƙananan nan shi ne su bar tayoyin su juya da gudu daban-daban a kwana, don tayar waje tafiyarta ta fi ta ciki nisa dole ta fi ta sauri, in ba haka ba taya ta riƙa gurzar kwalta.

Ga abin da nake so mu tsaya a kai. A gareji kullum za ka ji ana cewa wai buɗaɗɗe yana tura ƙarfi duka wa tayar da ke lilo a laka. Ni dai yanzu da na juya shi da hannuna na ga ba haka abin yake ba, ƙarfin murɗawa daidai wa daida yake raba wa tayoyin biyu kodayaushe, matsalar kawai ita ce ba zai ba mai riƙe ƙasa fiye da abin da maras riƙon ta iya ɗauka ba. Kamar buhu ne da mutum biyu suka kama, in hannun ɗaya ya sulluɓe ƙarfin ɗayan bai da inda zai yi aiki. Shi ya sa za ka ga a-kori-kura ta kafe da damina, taya ɗaya na ta watsa taɓo, ɗayar kuma tana kan busasshiyar ƙasa ko motsi.

Na Hilux ɗin kuwa LSD ne mai faranti, wato limited-slip differential, difarenshal mai taƙaita sulluɓewar taya ɗaya. Bayan giyan gefen akwai jerin farantan ƙarfe kamar ƙananan kuloci, wasu haƙoransu na ciki sun kama giyan, wasu kunnuwansu sun kama jikin ƙwarya, ga sifirin na matse su. In taya ɗaya ta nemi zarce ƴar uwarta da gudu sai farantan su yi gardama, ƙarfi ya samu hanyar zuwa wajen mai riƙo. Ba kulle su yake gaba ɗaya ba fa, wancan loka ne, abu daban. Dabarar ma ta daɗe, tun 1935 kamfanin ZF na Jamus ya yi wa motar tseren Auto Union irin nasa. Akwai kuma Torsen wanda babu faranti sai giya masu murɗaɗɗun haƙora, da mai ruwan silikon mai kauri, amma yau mai farantin ne a gabana.

Gwajin da oga ya nuna min, ku gwada don Allah: ɗaga tayoyin baya biyun a kan sitan, a sa waigi a na gaba, giya a firi, a saki birkin hannu, sai ka juya taya ɗaya. In ɗayar ta juya baya buɗaɗɗe ne, in ta bi ta gaba tare to mai faranti ne kuma da sauran ransa. Sai dai Torsen kan yi halin buɗaɗɗe a sama, haka LSD ɗin da farantansa suka cinye. Nawa ma kusan can ya dosa, wasu farantan sun yi sumul suna sheƙi, ɗaya har ya yi shuɗi-shuɗi alamar ya sha zafi, ga man da ya fito baƙi ƙirin da warin ƙuna.

Abu ɗaya da nake roƙonku, kar wanda ya tada inji ya sa giya alhali taya ɗaya ce a kan jak in motar LSD gare ta, ta ƙasan za ta ja motar ta sauko kan mutum. Sannan mai, ba kowane man giya ba, a nemi GL-5 mai rubutun LS a jikin galan, in ba shi ba za ka ji baya na kakkarwa gir-gir-gir a kwana. Taya kuma girmansu ya zama ɗaya, in sun bambanta farantan ba sa hutawa ko a miƙaƙƙen titi. Direba ma ya sani, a jiƙaƙƙiyar kwalta in ya taka totur da ƙarfi a kwana duka biyun kan sulluɓe tare bayan motar ya watsa gefe, abin da buɗaɗɗe bai cika yi ba.

Saura yanzu in auna kaurin farantan da maikuromita, wato ma'aunin kauri, in gwada da littafin motar, in jiƙa sababbin a mai kafin in jera su yadda na ciro. Wanda ya taɓa saita haɗuwar haƙoran babban giya da finiyon da shuɗin fenti ya taimaka min da bayani, nan ne zan shiga in Allah ya kai mu Asabar.