Martani ɗaya kawai gare ka a zagaye: kariyar mai sihiri a Dungeons & Dragons

Sababbin 'yan wasan Dungeons & Dragons, wasan tebur da ake taka rawar jarumai ana jefa dayis, suna son sihirin da ke ƙona abokan gaba, su manta cewa mai sihiri shi ne mafi ƙarancin makin rai a tebur. A fitowa ta biyar ta dokokin wasan, ta 2014, wanda ke mataki na 3 da ƙarin +2 na ƙarfin jiki yana da maki kusan 20 ne. Kulkin dodon nan, ogre, yana cire 13 a matsakaici. Bugu biyu ya kwanta, duk sihirin da ya tanada ya tashi a banza.

Duba lissafin. Da +2 na zafin nama, lambar kariyarsa 12 ce, wato adadin da sai mai hari ya kai kafin ya same shi, ogre kuma yana ƙara +6 a kan abin da dayis mai fuska 20 ya nuna, don haka yana samunsa kashi 75 cikin ɗari. Sihirin Mage Armor yana kai lambar zuwa 15 har awa 8, samu ya sauko 60. Sihirin Shield yana ɗora 5 a kai, ta zama 20, samu ya koma 35, kuma kariyar tana nan har juyinsa ya sake zagayowa.

Inda ake tafka kuskure shi ne lokacin jefa Shield. Shi martani ne, wato abin da ake iya yi ko ba juyinka ba ne, martani kuwa ɗaya ake da shi a zagaye. Idan adadin da dodo ya samu ya ɗara lambarka da 5 ko fiye, ka zubar da gurbin sihiri, ɗaya daga 'yan damar jefa sihiri da kake da su, a banza, shi ya sa ya kamata a daidaita da mai jagorantar wasa tun farko ko zai riƙa faɗin adadin. Haka nan wanda ya kashe martaninsa kan kibiyar ƙaramin goblin ba shi da Counterspell, sihirin da ke soke na wani, sa'ad da matsafin abokan gaba ya sako Fireball, wutar da ke cin 28 a matsakaici. Absorb Elements da zai rage ta da rabi shi ma martanin nan yake ci.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne tattara hankali, wanda wasu sihirai ke buƙata don su ci gaba da aiki. Duk bugun da ya same ka kana riƙe da irin su Web ko Haste, sai ka jefa gwaji a kan 10 ko rabin ɓarnar, wanda ya fi yawa; in ka faɗi, sihirin ya kuɓuce. Bugun da bai taɓa ka ba babu gwaji. A nan Mirror Image ya fi Blur amfani, don Blur na buƙatar tattara hankali: Mirror Image yana ba ka surorinka na bogi uku na tsawon minti ɗaya, kuma ba ya neman ka saki sihirin da kake riƙe da shi.