Daga Fas zuwa Marrakesh, garin da minista ke riƙe da shi

Ziyarar Shehu Tijjani ce ta kai mu Maroko, amma da muka gama da Fas sai abokin tafiyata ya kafe wai ba a zuwa ƙasar nan a koma ba a ga Marrakesh ba. Muka hau jirgin ƙasa, rabin hanya barci na yi.

Garin ja ne wallahi, ganuwa, gidaje, har sababbin benaye duk kala ɗaya. Mai tasin da ya ɗauke mu daga tasha ya ƙi kunna mita, ya yanka mana kuɗi son ransa yana wani ɗaure fuska, gajiya ta sa muka biya. Dattijon da muka sauka a gidansa shi ya wanke mana takaicin, yana jin daga zawiyar Shehu muke ya sa aka kawo tajin na rago, dahuwarsu ta cikin tukunyar ƙasa, da shayin na'ana'a da yake tsiyayowa daga can sama har ya yi kumfa, kuma ya rantse ba zai karɓi ko sisi na abincin ba.

A wajen shayin nan na tambaye shi, Baba wa ke riƙe da garin nan ne? Ya ce mace ce, lauya, Fatima-Zahra Mansouri ta jam'iyyar PAM. A 2009 aka zaɓe ta magajiyar gari tana da shekara 33, mace ta farko da ta hau kujerar, ta yi har 2015, ta sake dawowa a 2021, a Oktoban shekarar kuma aka naɗa ta ministar gidaje da tsara birane a gwamnatin firaminista Aziz Akhannouch, kuma fa ba ta saki kujerar garin ba! Na riƙe baki. Mu a gida mace ta fito takarar ciyaman ma sai an yi wata guda ana cece-kuce.

Ɗansa da ke zuba mana shayi ya ce ai taura biyu ba ta taunuwa, ma'aikata tana Rabat, gari yana nan. Nan musu ya kaure. Uban ya kawo tallafin sayen gida da aka fara a Janairun 2024, dirhami 100,000 ga mai sayen gidan da bai wuce 300,000 ba, 70,000 in ya kai har 700,000, da sharaɗin ka zauna ciki shekara 5. Yaron ya yi dariya ya ce a nuna masa gidan 300,000 a Marrakesh, Turawa sun saye tsofaffin gidajen cikin gari sun mai da su masauki, sannan mutanen ƙauyukan Al Haouz, can kusa da Marrakesh, da girgizar ƙasar 8 ga Satumba 2023 ta rushe wa gidaje sun daɗe a tanti. Ni dai ina ganin yaron ya fi gaskiya kan farashi, amma ko ba komai sun san nawa ne tallafin, sun san sunan wadda za su kama da laifi. Je ka tambayi mai haya a Kano waye ministan gidaje ka sha kallo.

Washegari muka shiga Jama'ul Fana, babban dandalin garin, masu wasa da maciji ko waya ka ɗaga sai sun ce kawo kuɗi. Takalmin fata aka ce min dirhami 250, na taya 80, na juya zan tafi ya kira ni a 100. Hasumiyar masallacin Kutubiyya daga waje muka gan ta.

Kasablanka kwana kawai muka yi, tsada, ga sanyi, sai filin jirgi.