Kare da Daren Wasan Wuta: Shirin da Ake Yi Tun Rana Ba Ta Faɗi Ba

Tsawa tana da ƙara, amma kafin ta zo hadari ya haɗu, iska ta sauya, kare ya riga ya ji alama a jikinsa. Wasan tartsatsin wuta kuwa ba ya sallama. Ana zaune shiru sai fashewa, ga walƙiya, ga warin albarushi, kuma kare bai san daga ina abin ya fito ba balle ya san inda zai gudu. A kusa da wurin harbawa ƙarar na iya kai desibel 150 a ma'aunin ƙarfin sauti, alhali kunnen mutum kan fara jin zafi tun daga wajen 120 zuwa 130. Kare kuma yana jin sauti mai kaifi har sama da hatz 45,000 a ma'aunin kaifin sauti, mu kuwa iyakarmu 20,000. Wani bincike na Jami'ar Helsinki da aka wallafa a 2020, wanda ya shafi karnuka fiye da 13,000, ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu na tsoron wasan wuta.

Mai haushi da kai-komo kowa na gane ya tsorata. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai shiru: ya lafe a lungu, kunnuwa a kwance, bindi tsakanin ƙafafu, yana haki ba tare da ya yi gudu ba, yana dalalar da yawu, yana yawan hamma da lasar leɓe, ko nama ka miƙa masa ba zai karɓa ba. Mai shi ya ce ai lafiya lau yake, alhali tsoro ne ya daskarar da shi.

Babban haɗarin daren shi ne tserewa. Karen da bai taɓa tsallake katanga ba zai tsallake, wanda ke amsa kira ba zai ko waiwayo ba, ya faɗa titi cikin duhu. Ɗaure shi da sarƙa a waje ba magani ba ne, ya ma fi muni, domin idan ya yi tsalle ta kan shinge da sarƙa a wuya yana iya rataye kansa, ko ya yi ta fizga har ya ji ciwo a maƙogwaro. Ko da a waje ya saba kwana, a wannan daren a shigar da shi ɗaki, ko sito, ko gareji mai iska. A duba abin wuyansa: yatsu biyu su shiga tsakaninsa da fata, kada ya fi haka sako-sako, kuma da lambar waya a jiki. Idan an sa masa ɗan guntun na'urar shaida a ƙarƙashin fata, a tabbata lambar da ke rajista ita ce ake amfani da ita yanzu. A ɗauki sabon hotonsa a ajiye a waya.

A ranar, a fita da shi doguwar tafiya da sauran haske, a kan igiya, ko da ya saba yawo a sake, saboda akwai masu fara harbawa da wuri. A ba shi abinci awa ɗaya ko biyu kafin duhu, tunda in an fara ba zai ci ba. Ya yi fitsari da kashi kafin a rufe ƙofa. Ruwan sha kuma ya kasance kusa, haki na kawo ƙishi.

Maɓuya tana son ɗan tunani. Ɗakin da ya fi dacewa shi ne na tsakiyar gida, mai ƙarancin taga. A rufe tagogi, a saki labule, a bar fitila a kunne don walƙiyar waje ta rage kaifi. Fanka ko rediyo ko talabijin su rufe wani ɓangare na ƙarar. Sauti mai tafiya bai ɗaya ya fi waƙa mai yankewa, kuma a kunna tun kafin a fara harbi. Idan ya saba da keji, a lulluɓe gefe uku da bargo mai kauri, a bar gaba a buɗe. Kada a kulle shi ciki. Karen da ya ruɗe a rufaffen keji yakan ciji ƙarfe har haƙori ya karye ko farce ya cire. Lulluɓe duka gefen huɗu kuma na tara zafi, abin da ke da haɗari ƙwarai ga masu gajeren hanci irin su Pug da Bulldog. In ya zaɓi ƙarƙashin gado da kansa, a ƙyale shi can. Jawo shi da ƙarfi ne ke sa kare mai ladabi ya yi cizo. Ya kamata a shirya wurin kwanaki kafin ranar, ana ajiye masa abin taunawa a ciki har ya saba, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Ana yawan cewa rarrashi na ƙara wa kare tsoro. Ba haka ba ne. Tsoro ba ɗabi'a ce da yake yi don neman lada ba. Idan ya zo ya jingina da kai, ka shafa shi a hankali daga kafaɗa zuwa ƙirji, muryarka a ƙasa. Idan ya fi son kaɗaici, zamanka a ɗakin ya isa. Abin da ke ɓata lamari shi ne tsawa da duka, ko da ya yi fitsari a ɗaka, da kuma fitar da shi wai ya gani da idonsa ya saba. Wannan ba ya kawo sabo, tsoron ne ke ƙara zurfi.

Karen da ke jin wa kansa ciwo, ko ya kwana yana makyarkyata, yana bukatar likitan dabbobi makonni kafin lokacin. Akwai maganin rage tsoro mai suna Sileo, wato dexmedetomidine mai kamar man shafawa, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2015. Ana matsa shi tsakanin kunci da dasashi minti 30 zuwa 60 kafin ƙara, a nan yake shiga jini, in aka haɗiye ba ya aiki sosai. Sirinjinsa na da zoben auna adadi da dole a saita daidai kafin a matsa. A baya, rashin kulle zoben ya sa an ba wasu karnuka maganin fiye da kima. Ba a ba mai ciwon zuciya, hanta ko ƙoda mai tsanani. Akwai kuma imepitoin, da ake farawa kwana biyu kafin ranar. Likita na iya rubuta trazodone ko alprazolam, kuma yana da kyau a gwada a rana mai natsuwa, domin wasu karnukan maimakon su kwanta sai su ƙara zabura. Acepromazine shi kaɗai ban yarda da shi ba a wannan aiki: yana kashe jiki ne, tsoron na nan, kare na jin komai amma ya kasa motsi. Maganin barci ko na ciwo na mutane kuwa kada a kusanta. Ibuprofen na ɓata ciki da ƙodar kare, paracetamol na taɓa hanta.

Washegari kafin a sake shi, a zaga a tsince ɓurɓushin kayan wasan wutar da ya faɗo. A ciki akwai farar wuta, gawayi, gishirin naitiret da kuloret, da ƙarafa masu ba da launi, kamar bariyom na kore da jan ƙarfe na shuɗi. Karen da ya tauna zai iya amai, zawo, kasala, ko dasashinsa ya koma ruwan ƙasa. Kada a tilasta masa amai, a kai shi asibiti tare da ragowar abin. Ƙuna kuma a zuba mata ruwa mai sanyi na minti 10 zuwa 20, ban da ƙanƙara, ban da mai.

Maganin da ke ɗorewa horo ne, kuma yana cin makonni ko watanni. A samu sautin wasan wuta da aka naɗa, a kunna ƙasa ƙwarai, yadda kare zai ɗaga kunne amma ya ci gaba da harkarsa. Kowace fashewa a bi ta da ɗan yankan nama ko wasan da yake so. Ƙarar ce ta fara, sannan ladan, ba akasin haka ba. Minti 5 zuwa 10 ya isa a zama guda. Sai ya kai yana jin ƙarar ya juyo yana jiran rabonsa kafin a ƙara murya kaɗan. Ya ƙi ci ko ya bar ɗakin, an yi gaggawa, a koma baya mataki biyu. Kwikwiyo mai mako 3 zuwa 12 ya fi saurin ɗauka.

Idan kuma babban kare ne da bai taɓa damuwa ba sai yanzu da shekaru suka ja, a fara da duba lafiyarsa. Masu bincike a Jami'ar Lincoln ta Ingila sun nuna a 2018 cewa irin wannan tsoron da ke zuwa a makare yakan haɗu da ciwon gaɓɓai ko na tsoka: ƙara ta sa ya zabura, zaburar ta taso da ciwon, sai ya haɗa biyun. A irin wannan kare, maganin ciwon ne farkon aiki kafin horo ya kama.