Godiya ga duk wanda ya zo taron tunawa da Hajiya Gambo Sawaba

Assalamu alaikum jama'a. Sai yau Allah ya nufa na zauna na rubuta wannan, dan tun ranar Asabar da muka tashi daga taron addu'a da tunawa da marigayiya Hajiya Gambo Sawaba muryata ta dishe, ƙafafuna kuwa kamar ba nawa ba, amma Alhamdulillahi an yi lafiya an watse lafiya.

Ga waɗanda suke ta tambaya ta inbox wai wace ƙungiya ce ta ɗauki nauyi, wallahi ba kowa, mu ne dai matan unguwa da ɗan karo-karonmu. Asalin abun ma 'yar ƙanwata ce, muna cikin Keke za mu wuce ta Ƙofar Gayan ta karanta allon asibiti ta juyo ta ce min Anti wai shi wannan Gambo Sawaban likita ne? Na yi dariya a lokacin amma har na kwanta abun yana cina, yarinya haifaffiyar Zariya tana aji uku a sakandare ba ta ma san mace ba ce. Washegari na jefa maganar a guruf ɗinmu na WhatsApp, daga nan aka fara.

Godiya ta farko ta iyayenmu ce, tsofaffin 'yan jam'iyyar NEPU su uku da suka daure suka zo, ɗaya ma sai da jikokinta suka riƙo ta daga mota har kan tabarma. Inna, Allah ya ƙara muku lafiya ya sa ku gama da duniya lafiya. Mun ba su minti goma-goma, suka cinye fiye da awa ɗaya kuma ba wanda ya motsa. Su suka ba mu labarin yadda abun yake a zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, lokacin da ɗan doka zai iya tasa ƙeyarki gaban alƙali dan kawai an ganki a wajen lacca, ga zagi, ga sunan banza da ake liƙa wa duk macen da ta fito siyasa, dangin miji su juya miki baya. A cikin wannan yanayin Hajiya Gambo ta shiga NEPU tana da shekara 17 kacal, jam'iyyar ma a lokacin jaririya ce dan a 1950 aka kafa ta a Kano, ta bi su Malam Aminu Kano, ta zama jagorar mata, tana shiga gida-gida wajen matan kulle. Ta sha duka, an kore ta daga Kano, an ɗaure ta har sau 16.

Amma abun da ya sa wajen ya yi tsit shi ne da aka zo kan maganar ƙuri'a. A zaɓen 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, mu nan Arewa aka ce a'a, sai a 1976 wajen zaɓen ƙananan hukumomi aka bar mata suka fara, sannan babban zaɓen 1979. Ku lissafa da kanku, sama da shekara 20 tun shigarta siyasa baiwar Allah nan ba ta da ikon jefa ƙuri'a, ga shi ta sha yawon nema wa jam'iyya ƙuri'ar, tana shiga kurkuku tana fita a kai. Ni dai da na ji haka kunya ta kama ni, dan zaɓen da ya wuce katina yana cikin jaka amma na ga layi ya yi tsawo ga rana na koma gida abuna.

Malam mai koyar da tarihi da ya zo ya ƙi karɓar ko kuɗin mai, mun gode Allah ya saka da alheri. A bakinsa da yawanmu muka fara jin cewa sunanta na yanka Hajaratu, Gambo kuwa dan ta biyo tagwaye ne, an haife ta a 1933, mahaifinta mutumin Ghana ne da aikin jirgin ƙasa ya kawo shi, mahaifiyarta Banufiya. Ya faɗi yadda ta je har Abekuta wajen Funmilayo Ransome-Kuti, mai fafutukar 'yancin mata a Kudu, da yadda a jamhuriya ta biyu ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaban jam'iyyar GNPP ta Waziri Ibrahim, har zuwa rasuwarta a watan Oktoba 2001. Da ya ce wa 'yan matan da suka zo daga makarantu yau ga shi a jihar Kaduna mace, Dakta Hadiza Balarabe, ta hau kujerar mataimakin gwamna ta hanyar zaɓe tun 2019, sai da suka yi tafi.

Liman da almajiransa da suka sauke Alƙur'ani, matan da suka kwana suyar waina da dama zoɓo, mai gidan da ya ba mu fili, samarin unguwa da suka jera kujeru suka kuma share wajen bayan an tashi, mazajenmu da suka bar mu muka yi ta zirga-zirga sati biyu ba ƙorafi (to, ba ƙorafi sosai), duk mun gode. 'Yan siyasan da muka kai wa kati suka ce suna tafe kuma har yanzu suna hanya, ku ma mun gode, kujerunku na gaba tsofaffi muka ba.

Sai ban haƙuri. Mai rumfa ya makara, janareta ya mutu ana tsakiyar jawabi sai da Malam ya ƙarasa da bakinsa ba lasifika, abinci kuma bai kai ga na baya ba dan mun yi lissafin mutum 80 sai ga ninkin haka. Laifinmu ne, dan Allah a yafe mana.

Allah ya jiƙan Hajiya Gambo ya kai haske kabarinta, ya jiƙan sauran matan da suka sha wuya tare da ita waɗanda ko sunansu ba a rubuta ba.

Akwai kula babba shuɗiya da mayafi ruwan toka da tabarau na karatu da aka manta, suna wajena. Ɗan canjin da ya rage kuma mun yanke za mu sayi sabulu da omo mu kai ɓangaren masu haihuwa a asibitin da ke ɗauke da sunanta ranar Alhamis da ƙarfe 10 na safe in sha Allah, mai son zuwa ta yi min magana kafin Laraba saboda mu san yawan Keken da za mu tsayar.