Gwajin jini bayan maganin limfoma: lamba ba ta fin kwalbar da ta fito gaskiya

A aikin bibiyar masu limfoma, wato kansar kaluluwa, abin da na fi nanatawa shi ne a ɗebi jinin farko kafin magani ya shiga jiki, ko da kuwa furedinisolon ne, wato maganin sitiroid da ake haɗawa cikin magungunan cutar. Wannan magani shi kaɗai yana narkar da ƙwayoyin cutar cikin 'yan kwanaki, idan aka makara kuma babu sauran abin da za a kwatanta da shi.

LDH, wani sinadari da ke fita cikin jini idan ƙwayoyin jiki suka lalace, shi ne gwajin da kowa ya sani. Yana cikin abubuwa 5 na ma'aunin IPI na hasashen yadda cutar za ta kaya, wanda aka fitar a 1993, tare da shekaru sama da 60, matakin cuta, ƙarfin jikin majinyaci da yaɗuwar cutar wajen kaluluwa. Kafin magani yana da amfani ƙwarai. Bayan magani kuwa ba na saurin yarda da shi. Jajayen ƙwayoyin jini cike suke da LDH, saboda haka siririyar allura, ko jijjiga kwalba, ko barinta ta daɗe a kan tebur, duk suna fasa su lambar ta hau. Idan ruwan jinin ya yi jaja-jaja, nakan sa a sake ɗiba kafin a tayar wa kowa hankali. Allurar filgirastim, mai ƙara fararen ƙwayoyin jini, da ciwon hanta ma suna ɗaga shi. Haka beta-2 maikurogulobulin, wani furotin da shi ma ake aunawa a jini: ƙoda ce ke fitar da shi, don haka ba na karanta shi sai da sakamakon ƙoda a gefe.

Inda aikin ya fi tsauri shi ne ctDNA, ɓurɓushin ƙwayoyin halittar kansar da ke yawo cikin jini. Ana ɗiba a ranar farko ta sabon zagayen R-CHOP, wato haɗin magungunan da ake ba masu cutar, kafin a ɗaura ruwan magani. Kwalbar EDTA, mai sinadarin hana jini daskarewa, ba ta jira. A raba ruwan jinin cikin awa 4, in ba haka ba fararen ƙwayoyin jini su fara fashewa, nasu DNA ya shanye na cutar, sakamakon ya fito da kyau alhali ƙarya ne. Idan za a aika jinin nesa, kwalbar Streck, mai hana fararen ƙwayoyin fashewa, ita ce mafita, don tana riƙe shi kwanaki. Kwalbar hefarin, wani maganin hana jini daskarewa, kuwa a guje ta, tana hana PCR, wato hanyar ninka DNA don a iya auna shi, aiki. Nakan juya jinin sau biyu a na'urar raba jini, minti 10 a ƙarfin juyawa 1,600g, sannan minti 10 a 16,000g, ba tare da taɓa farin layin da ke tsakiya ba, sai a adana a -80°C.

Wajen fassara, saukar lambar nake dubawa, ba lambar kanta ba. A babban nau'in limfoma da ake kira DLBCL, binciken Jami'ar Stanford na 2018 ya nuna cewa waɗanda ctDNA ɗinsu ya ragu ninki 100 bayan zagaye na farko sun fi samun kyakkyawan ƙarshe. Sai dai tsofaffi sukan ɗauki sauye-sauye a ƙwayoyin jininsu waɗanda ba ruwansu da limfoma, shi ya sa ake gwada fararen ƙwayoyin mutumin a cire waɗannan sauye-sauyen daga lissafi.

Ko da ctDNA ya sake ɓullowa, ban taɓa ba da shawarar canza magani a kansa shi kaɗai ba. Sai a maimaita gwajin, a yi hoton PET-CT mai nuna inda cutar take a jiki, in an ga wurin zargi a yanki tsokar a duba.